Sirrin Alhaji a Aljihu, na Hajiya a Bakin Kowa

A asibitocinmu sirri iri biyu ne. Akwai na namiji, wanda ake lulluɓewa har a manta inda aka ajiye shi. Akwai kuma na mace, wanda kafin ta kai bakin titi ya riga ta isa gida. Na yi aikin jinya da karɓar haihuwa a asibitin gwamnati har na yi ritaya. Na zauna a ɗakin awo, na zauna a ɗakin haihuwa, daga baya aka kai ni sashen da ake ba masu ƙanjamau magani. Abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu abokan aikina daɗi ba, amma su ma sun san haka abin yake.

Magidanci ne ya ji fitsari na yi masa zafi, ga mugunya na fita. Ba asibiti zai fara zuwa ba, kemis zai je a yi masa allura. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya zo shi kaɗai da yamma, bayan layi ya watse, ya ja nas gefe ya ce, "Sista, don Allah wannan magana tsakanina da ke." A ba shi magani, ya cusa kati a aljihu ya yi gaba. Ba wanda zai ɗaga murya ya ce masa ya turo iyalinsa, ba wanda zai kira yayansa a waya. Kuma daidai aka yi, haƙƙinsa ne.

Matar tasa kuwa ba ita ke zaɓar ranar da za a gwada ta ba, ciki ne ke kawo ta. A ɗakin awo ana ɗibar jinin mai ciki a duba ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, kuma wannan alheri ne babba. Allurar fenisilin in an yi ta da wuri takan ceci jaririn da tunjere zai kashe tun yana ciki, maganin ƙanjamau kuma in an sha shi yadda ya kamata yakan hana uwa sa wa ɗanta. Sai dai da wuya mace ta zo awo ita kaɗai. Ko uwar miji na biye da ita, ko ƙanwarsa, wani lokaci ma kishiya ce 'yar rakiya. Sakamako ya fito, nas ta leƙo daga ɗaki, a gaban matan da suka cika benci, ta ce, "Ke mai koren hijabi, gobe ki zo da mijinki." Ba ta ambaci sunan cuta ba, ba ta ma buƙatar ambata. Duk matar da ke kan bencin nan ta san irin wadda ake ce wa ta zo da mijinta.

Daga nan labari ke juyewa. Wadda aka fara gwadawa ita ake ɗauka ta kawo cutar gidan, alhali gwaji ba ya faɗin wanda ya riga wani kamuwa. Na ga mace da tsohon ciki an miƙa mata takardar saki a kan sakamakon gwajin da shi mijin ya ƙi yarda a yi masa irinsa. Duk misalin da zan kawo a nan na sauya masa kama yadda ko maƙwabcin mai shi ba zai gane ba, amma abin da ke cikinsa ya faru, kuma yana kan faruwa.

Ba rashin doka ne ya jawo wannan ba. Ranar da aka ɗora mana hula a makarantar jinya mun yi rantsuwar nan ta Nightingale, wadda aka tsara a birnin Detroit na Amurka tun 1893, kuma a cikinta akwai alkawarin riƙe abin da muka gani ko muka ji na majinyaci da iyalinsa. Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, tana da ikon ƙwace lasisin wanda ya ci wannan amana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da maganin da aka yi masa, har da zamansa a asibiti, sirri ne. Ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko na wata doka, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari, sai kuma ƙaramin yaro ko wanda ba zai iya ba da izini ba, in iyayensa ko mai kula da shi suka nema. A shekarar dai aka yi dokar hana nuna wa masu ƙanjamau wariya. A 2023 aka ƙara da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake yi wa tsaro na musamman. A duba su duka, babu inda aka ce suruka, ko ƙanwar miji, ko wanda ya biya kuɗin kati yana da damar a karanta masa fayil ɗin baligar mace.

Gaskiya ne dokar ƙanjamau ta ba abokin zaman aure damar a sanar da shi in yana ganin yana cikin haɗarin kamuwa. To, amma dokar ba ta ce miji kaɗai ba. Ta ba matar ita ma. Mu ne muka mai da ita hanya mai zuwa babu dawowa: sirrin mace ya tafi wurin miji da gudu, na miji kuwa ya tsaya a aljihunsa.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da Georgina Ahamefule. Mataimakiyar nas ce a wani asibiti mai zaman kansa a Legas. A 1995, tana da ciki, mai asibitin ya gwada jininta ba da saninta ba, ya ga tana da ƙanjamau, ya sallame ta daga aiki. Da ta kai ƙara, a 2001 alƙaliya ta hana ta shiga zauren kotu don tsoron kada ta sa wa mutane cutar. Sai a 2012 Babbar Kotun Legas ta ce an zalunce ta, ta sa a biya ta naira miliyan 7. Shekara 17 tsakanin zalunci da hukunci, ga wadda take cikin sana'ar, a birni kamar Legas, da lauyoyi a bayanta. Ina ga 'yar ƙauyen da ba ta ma san tana da haƙƙin yin ƙorafi ba?

Da wuya ka ga nas ta zauna ta ƙudurta tona wa wani asiri. Ɗiga yake yi a hankali. A ware ɗakin masu karɓar maganin ƙanjamau can ƙarshen baranda, a ba shi ranarsa, a ba shi kati mai launi dabam, har mai sayar da ruwan leda a bakin get ya san wanda ya nufi can. Lokacin miƙa aiki mu tsaya a kan gadon mara lafiya mu ce "RVD" maimakon ƙanjamau muna ganin mun yi wayo, alhali 'yan jinya sun daɗe da haddace haruffan nan, wanda bai sani ba kuma wayarsa za ta gaya masa. A bar fayil buɗe a kan tebur. Mai shara, mai fitar da kati, yaron ɗakin gwaji, duk suna gani, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu abin da idonsu ya gani amana ne. Yanzu kuma ga WhatsApp: a ɗauki hoton sakamako da suna da komai a tura wa likita don neman shawara, hoton ya kwana a wayar da yara ke wasa da ita a gida.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na gidan biki. Ma'aikaciyar asibiti 'yar gari ce, tana da ƙanne da dangi. Ta ji ɗan'uwanta na neman auren wata da ta taɓa ganin fayil ɗinta, sai ta ja gwaggo gefe ta ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma ku bincika." A ranta zumunci ta yi. A zahiri kuwa ta ɗauki abin da aka ba ta ajiya ta kai gidansu. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma in akwai sana'ar da karin maganar nan ya fi hawa kanta, tamu ce.

Na san amsar da abokan aiki za su bayar, kuma ba ƙarya suka yi ba. Nas ɗaya, mata sun cika ɗakin awo har waje, ɗaki ɗaya aka raba da labule, ƙofa ba ta rufuwa. A farkon 2024 magatakardan majalisarmu na wancan lokaci, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Waɗanda suka rage a gajiye suke, albashi ba ya kai su ƙarshen wata. Duk na yarda. Amma gajiyar ba ta hana mu rage murya in Alhaji ne ya zo, ko matar kwamishina. Ashe dai mun iya.

Mutane kan ɗauka riƙe sirri kara ce kawai, ko tausayi. Ni a wurina magani ne, don majinyacin da bai amince da ke ba ba zai dawo ba. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙanjamau a Najeriya, jimilla kuma mutum kusan miliyan 1.9, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6. Wasu kan yi murna da ƙanƙantar adadin namu. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, inda masu cutar ba su da yawa, wanda aka gano shi kaɗai yake tsayawa a tsakiyar gari. Shi ya sa za ka ga mutum ya tsallake asibitin da ke bayan gidansa ya hau mota zuwa wata jiha karɓar magani, inda ba wanda ya san shi. Watan da kuɗin mota ya gagara, maganin ya yanke, ƙwayar cutar ta farfaɗo. Mace ta gudu daga awo ta haihu a gida, jariri ya rasa maganin da ake ɗiga masa bayan haihuwa don kare shi.

Sauran cututtukan ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu na saduwa da ake iya warkarwa, wato fiye da miliyan ɗaya kowace rana. Ana warkar da su cikin kwanaki, in mutum ya zo. In kunya ta tura shi kemis aka ba shi rabin magani, ko wurin mai maganin sanyi a kasuwa, zafin ya lafa amma cutar na nan. A jikin mace gonoriya da kilamidiya sukan zauna shiru, su hau sama su toshe hanyar ƙwai. Shekara uku babu haihuwa, dangin miji su fara habaici, a yi mata kishiya, ita ma amaryar ta karɓi rabonta daga hannun da ya ba uwargida.

Akwai kuma wani abu da ya kamata Musulmi mai aikin asibiti ya ji tsoronsa. A garinmu in aka ce wance na da "irin ciwon nan", abin da kunne ke ji shi ne ta yi zina. Alhali da yawa daga ƙaiƙayi da fitar ruwan da ke kawo mata asibiti ba ta hanyar saduwa ake samunsu ba. Ciwon hanta nau'in B galibi tun haihuwa ko yarinta ake kamuwa da shi a ƙasashenmu, askar wanzami ma na iya yaɗa shi. Ƙanjamau kan zo ta ƙarin jini, ko daga uwa, ko daga miji na halas. Addinin da ya ce sai da shaidu huɗu kafin a tuhumi mutum da zina, ya kuma tanadi bulala tamanin ga mai ƙazafi, ba zai yarda takardar ɗakin gwaji ta zama shaida a hannun masu gulma ba. Haka nas ɗin da budurwa ko bazawara ta zo mata da ciwo, maimakon ta duba ta sai ta buɗe mata wa'azi a gaban uwarta. Malamai na nan birjik, ba su rasa masu sauraro ba. Ita magani ta zo nema.

Wannan ne ya sa nake bibiyar dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a watan Mayun 2024, wadda ta wajabta a duba ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da rukunin jinin sikila kafin a ɗaura aure. Ina goyon bayanta. Duk wanda ya taɓa kwana a kan yaro mai sikila yana kukan ciwon ƙashi ba zai yi jayayya da ita ba. Damuwata ita ce hannun da takardar za ta fara shiga. In baban yarinya ne zai karɓo, ya miƙa wa waliyyi, waliyyi ya miƙa wa liman a gaban masu ɗaurin aure, to mun buɗe sabuwar ƙofar tonon silili da sunan doka. Abin da ya dace shi ne a kira kowannensu shi kaɗai a gaya masa nasa, sannan a haɗa su biyun da yardarsu, takardar da za ta je masallaci kuma ta tsaya a kan cewa an yi gwaji an kuma yi musu bayani. In auren zai fasu, ya fasu a tsakaninsu, ba tare da unguwa ta san sunan cutar ba.

Saura magana mai wuya, wadda duk nas da ta daɗe a aiki ta taɓa kwana da ita a rai. Mutum mai mata uku, gwaji ya nuna yana da ƙanjamau, ya dube ki ya ce, "Kada kowa ya ji." Ɗaya daga cikin matan wataƙila kin karɓi haihuwarta. Me za ki yi?

Masu cewa sirri sirri ne, ko sama za ta faɗo, ban yarda da su ba. Matan nan uku rayukansu ba su fi sirrinsa arha ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta ce asali shi ne a riƙe sirrin majinyaci, sai inda cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa. Amma masu cewa nas ta ɗauki mayafi ta je gidan ta faɗa, su ma ban yarda da su ba. Yau in ta yi haka, gobe duk magidancin unguwar zai daina zuwa gwaji, matan da take son karewa su ne za su fi shan wuya.

Aikin yana tsakiya, kuma yana cin lokaci. Mutumin da aka gaya masa yanzun nan a firgice yake, "kada kowa ya ji" ɗin nan tsoro ne ke magana. A fara ɗora shi a kan magani. A gaya masa abin da yawancinsu ba su sani ba, cewa wanda ke shan magani kullum har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa, kuma ana iya haifa masa 'ya'ya lafiyayyu. Na sha ganin fuskar mutum ta sauya da jin wannan. Sannan a ba shi zaɓi: ko ya faɗa da kansa cikin kwanakin da aka yi yarjejeniya, ko ya kawo su mu zauna tare a faɗa, ko a aika musu takardar gayyata zuwa duba lafiya ba tare da an ambaci sunansa ba. Wannan tsari ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansa tun 2016, bisa sharaɗin yardar majinyaci. Mafi yawa sukan yarda in an mutunta su. Wanda ya kafe, ya ƙi magani, ya ƙi kariya, ya ci gaba da raba kwana kamar ba abin da ya faru, shi ne za a kai maganarsa gaban likita da shugabannin asibiti, a sanar da shi cewa za a gaya wa matansa, a gaya musu su kaɗai, iya abin da zai kare su. Hukuncin ba na nas ɗaya ba ne, kuma ba a yanke shi cikin fushi.

In mace ce mai cutar, akwai tambayar da dole a yi mata kafin komai: "In maigida ya ji, me kike ganin zai yi?" Amsar na iya zama duka, ko saki, ko a raba ta da 'ya'yanta. A irin wannan hali dabarar da na ga ta fi aiki ita ce a gayyato mijin a matsayin uban jariri, a ce ana son duba lafiyar iyaye biyu, a gwada su tare a zama ɗaya, a ba su sakamako tare. Ta haka babu wanda ya riga wani, babu wanda zai nuna wa wani yatsa da takarda a hannu. Haka in ciwon sanyi ne a gida mai kishiyoyi: a yi wa ɗaya magani a bar sauran aikin banza ne, cutar za ta zagayo ta dawo. Dole a yi wa gidan duka, kuma maigida ne ya kamata a zaunar a ɗora masa wannan nauyi, ba amaryar da ciwo ya fara bayyana a jikinta ba.

Yawancin gyaran nan ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Shugabar nas-nas na iya cire allon da ke bakin ɗakin nan gobe da safe, ta mai da katin ya zama launi ɗaya da na kowa. Tana iya cewa daga yau kowace mai ciki za ta shiga ɗakin sakamako ita kaɗai, ko sakamakon mai kyau ne ko akasin haka, 'yar rakiya ta jira a waje, don kada shiga ita kaɗai ya zama alama. Masu shara da masu kati da masu gadi a tara su a yi musu bayani, su sa hannu kamar yadda muka sa. Ma'aikatar lafiya ta kowace jiha kuma ta manna lambar waya a bangon ɗakin awo, da Hausa, da boko da ajami, wadda matar da aka tona wa asiri za ta kira ba tare da ta bi ta ofishin wanda ya tona mata ba.